Yadda Ake Lissafin Kuɗin Zama Ƙwararren Ɗan Wasan Golf da Neman Mai Ɗaukar Nauyi

A ƙwallon ƙafa, da zarar kulob ya ɗauki ɗan wasa to albashinsa da kuɗin jirginsa da masaukinsa da maganinsa duk sun koma wuyan kulob ɗin, ko an ci wasa ko an sha kashi. Wasan golf, wanda wasu ke kira ƙwallon lambu, ba haka yake ba. Ɗan wasan golf shi ne ma'aikaci kuma shi ne mai kamfanin: shi zai biya kuɗin shiga gasa, ya sayi tikitin jirgi, ya kama ɗaki, ya sallami mai ɗaukar masa jaka, sannan ya jira ya ga ko zai samu wani abu. A manyan gasanni ana buga zagaye huɗu daga Alhamis zuwa Lahadi, kowane zagaye ramuka 18, amma bayan zagaye na biyu ana yin tankaɗe da rairaya, inda a yawancin gasannin PGA Tour da DP World Tour, wato manyan jerin gasannin ƙwararru na Amurka da na Turai, 'yan wasa 65 na sama, masu mafi ƙarancin bugu, da waɗanda suka yi kunnen doki da su ne kaɗai ke wucewa. A bisa al'adar wasan, wanda bai wuce ba ba ya samun ko sisi daga kuɗin kyautar, ko da kuwa bugu ɗaya tak ne ya raba shi da waɗanda suka wuce. Da yammacin Juma'a za ka ga mutum tsaye gaban allon sakamako da waya a hannu, idonsa ɗaya a kan lambobin da ke sauyawa, ɗayan a kan farashin sauya tikitin komawa gida. Duk lissafin da za ka yi a kan wannan sana'a daga wannan yammacin Juma'ar ya kamata ya fara.

Ka fara tantance wace sana'ar kake nufi

Kalmar ƙwararre a golf ta ƙunshi mutane iri biyu. Akwai ƙwararren kulob, wanda ke koyar da mambobi, yana kula da shagon kayan wasa, yana gyaran sanduna, kuma yana da abin shiga da za a iya dogara da shi duk wata. Akwai kuma ƙwararren da ke bin gasanni gari-gari, wanda ba shi da abin ci sai abin da sandarsa ta kawo. Matasa da yawa suna raina ta farkon, alhali ita ce ta riƙe mutane da dama har suka kai ga ta biyun. Vijay Singh, ɗan ƙasar Fiji, ya yi zaman koyar da wasa a wani ƙaramin kulob a tsibirin Borneo kafin ya zo Legas ya lashe gasar Nigerian Open a 1988, ya sake lashe ta a 1989, kuma a 2004 shi ne na ɗaya a duniya. Ian Poulter na Ingila ma daga shagon kulob ya fara, yana sayar da kaya yana atisaye a lokacin da ya samu sarari. Idan ba ka da mai tsaya maka, shawarata ita ce ka riƙe aikin koyarwa da hannu biyu, ka riƙa shiga gasanni daga abin da ka tara, har ranar da sakamakonka zai nuna cewa lokacin sakin aikin ya yi.

Kada ka yi gaggawar fita daga sahun masu wasan sha'awa

A da, wanda bai shiga sahun ƙwararru ba an hana shi karɓar kuɗin talla, kuma wannan ya sa yara da yawa suka ayyana kansu ƙwararru tun ba su nuna ba, saboda kawai su samu damar karɓar taimako a fili. Daga 1 ga Janairun 2022 hukumomi biyu da ke tsara dokokin wasan, wato R&A da ke St Andrews a Sikotilan da USGA ta Amurka, sun sauya wannan doka. Yanzu mai wasan sha'awa yana iya samun mai ɗaukar nauyinsa, yana iya yin talla da sunansa da hotonsa, kuma yana iya karɓar kyautar kuɗi da ba ta wuce fam 700 ko dala 1,000 ba a gasar da ba a yi rangwamen bugu a cikinta ba, wato wadda ba a rage wa mai ƙarancin gwaninta yawan bugunsa. Ma'anar wannan ita ce kana iya koyon hulɗa da masu ɗaukar nauyi alhali ba ka rufe wa kanka ƙofofin da ke buɗe ga masu wasan sha'awa kaɗai ba.

Ƙofofin kuwa suna da daraja. A 2024 R&A ta fara gasar Africa Amateur Championship a filin Leopard Creek na Afirka ta Kudu, kuma wanda ya lashe ta yana samun gurbi a gasar The Open, ɗaya daga cikin manyan gasanni huɗu na duniya. Jami'o'in Amurka kuma suna ba da gurbin karatu ga matasan da suka iya wasan, maza da mata, inda jami'a ke biyan koci da tafiye-tafiye da kayan wasa tsawon shekara huɗu, sannan a fito da digiri. Ban ga wani mai ɗaukar nauyi da ya kai wannan rangwame ba. Amma kocin jami'a ba ya duba labarin baka, sakamakon gasannin da aka rubuta yake dubawa, don haka tun yaro yana sakandare ya kamata a riƙa ajiye takardar kowace gasa da ya shiga.

Abin da zai ci kuɗinka

Mutane sun fi tsorata da kuɗin kayan wasa, alhali shi ne mafi sauƙi a cikin lissafin. Doka ta taƙaita sanduna 14 a jaka, sabuwar sandar bugun farko daga manyan kamfanoni tana kai wa kusan dala 600, dozin na ƙwallayen da ƙwararru ke amfani da su ya haura dala 50, sai safar hannu da takalma. Sanduna na hannu masu kyau suna yin aiki, muddin wanda ya san aikin ya daidaita su da tsayinka da ƙarfin bugunka.

Babban kashin farko shi ne gasar neman kati. Kowane jerin gasanni yana da tasa gasar tantancewa ta shekara-shekara, kuma sai ka tsallake ta za a ba ka katin da zai ba ka damar shiga gasannin shekara mai zuwa. Ta DP World Tour, wadda a da ake kira European Tour, matakai uku gare ta, kuma matakin ƙarshe a Sifaniya ake yin sa, zagaye shida, ramuka 108, inda tsakanin mutum 20 zuwa 25 na sama ne kawai ke samun kati a 'yan shekarun nan. Ta Amurka kuwa kuɗin rajistarta kaɗai dubban daloli ne, ba a mayar wa wanda ya faɗi, kuma kujeru biyar ne ke kai wa PGA Tour kai tsaye, sauran waɗanda suka taɓuka su tafi Korn Ferry Tour da ke ƙasa da ita. Kowane mataki a wani gari daban ake yin sa, wato wani tikitin, wani masaukin, da kwanakin atisaye kafin a fara. Kuskuren da aka fi yi shi ne a tara kuɗin rajista da na matakin farko kaɗai, sai yaro ya yi nasara ya wuce, a koma ana buga waya ana neman rance cikin mako biyu. Ka tanadi kuɗin dukkan matakan tun kafin ka cike fom, kuma ka sa a ranka cewa mafi yawan masu kati ba a karon farko suka same shi ba.

Idan katin ya samu, sai kashin mako-mako ya fara: jirgi, kuɗin ɗaukar jakar sanduna da kamfanonin jirage da yawa ke caji daban, masauki na kwana shida ko bakwai, abinci, da motar zuwa fili. Sai kadi, wato mai ɗaukar jaka, wanda a wannan matakin ya wuce ɗan dako, domin shi ne ke auna nisa, ya karanta iska da gangaren fili, ya kwantar maka da hankali. A Amurka al'adar da aka saba ita ce a biya shi albashin mako ko an wuce tankaɗe ko ba a wuce ba, sannan ya samu kashi 5 cikin 100 na kyautar idan an wuce, kashi 7 idan an shiga goman farko, kashi 10 idan an lashe gasar. A ƙananan gasanni 'yan wasa da yawa suna ɗaukar jakarsu da kansu ko su ɗauki kadin filin da ake gasar, kuma babu abin kunya a cikin haka.

Akwai kuma haraji, wanda sababbin shiga ke mantawa da shi. Amurka tana cire kashi 30 cikin 100 tun daga tushe a kan kuɗin da baƙon ɗan wasa ya ci a ƙasarta, sai dai in an yi wani shiri na daban da hukumar harajinsu. A ce ka ci dala 10,000 a wata gasa a can. Dala 3,000 ba za ta taɓa shiga hannunka a wannan makon ba, kadi ya ɗauki 500 ban da albashinsa, sannan ka biya jirgi da otal daga abin da ya rage, kuma ragowar ita ce za ta rufe ramin makonni biyu ko uku da suka wuce waɗanda ba ka ci komai a cikinsu ba. Gasar Korn Ferry Tour mai kyautar dala miliyan 1 tana ba wanda ya zo na ɗaya dala 180,000, abin da ke da daɗin ji, amma kuɗin yana raguwa da sauri sosai yayin da ake gangarowa, har wanda ya zo a ƙasan jerin waɗanda suka wuce da ƙyar yake mayar da abin da ya kashe. Gaskiya ne cewa manyan hukumomin sun ɗan sassauta: PGA Tour ta fara lamunce wa masu cikakken kati dala 500,000 a shekara daga kakar 2022 zuwa 2023, DP World Tour kuma dala 150,000 daga 2023. Sai dai wannan inuwar tana saman bishiya ne, mai hawa daga ƙasa ba ya shan ta.

Ga wanda zai taso daga Najeriya ko Nijar ko Gana akwai ƙarin abubuwa uku. Na farko, a naira ko sefa ko sidi zai tara kuɗin amma a dala ko yuro ko rand zai kashe su, don haka kasafin da aka rubuta da kuɗin gida yana iya zaizayewa kafin shekara ta raba. A rubuta shi da kuɗin ƙasar da za a je. Na biyu, biza, wadda ke cin kuɗi da lokaci, kuma jinkirinta kaɗai yana iya sa a yi asarar rajistar da aka riga aka biya. Na uku ya shafi filin da aka koyi wasan. A wasu filayen Arewa, saboda ƙarancin ruwa, kewayen ramin yashi ne da aka cakuɗa da mai, ana share shi a daidaita kafin a gangara ƙwallo, ba ciyawa ba. Wanda hannunsa ya saba da wannan yashi, ranar da ya fara taka gajeriyar ciyawa mai santsi zai ga ƙwallonsa ta wuce rami da taku uku ko huɗu. Dole ne a saka kuɗin zama na wasu makonni a inda ake da filin ciyawa mai kyau, kamar filin IBB na Abuja ko Ikoyi a Legas, kafin a yi tunanin ƙetare ruwa.

Game da inda za a fara kuwa, hikima ita ce a hau tsani daga matakin da aljihu zai iya ɗauka. Ƙungiyar ƙwararrun 'yan golf ta Najeriya tana da tata tantancewar da gasanninta, Kenya na da gasar Magical Kenya Open da ta shiga jerin manyan gasannin Turai a 2019, Afirka ta Kudu kuma na da Sunshine Tour, wadda wasu gasanninta na haɗin gwiwa ne da DP World Tour, ga kuma Big Easy Tour a ƙarƙashinta. A yi hattara da ƙananan gasannin Amurka masu zaman kansu, domin a yawancinsu kuɗin shigar 'yan wasan ne ake tarawa a raba wa na sama, wato kuɗinka ne ke ciyar da wanda ya fi ka.

Neman mai ɗaukar nauyi

Kowa ya ji labarin Tiger Woods, wanda da shigarsa sahun ƙwararru a watan Agustan 1996 ya sa hannu da Nike a kan yarjejeniyar da aka ruwaito ta kai dala miliyan 40 na shekara biyar. Ka cire wannan labarin daga lissafinka gaba ɗaya, domin Woods ya riga ya lashe gasar US Amateur, babbar gasar masu wasan sha'awa ta Amurka, sau uku a jere kafin ranar. Abin da kamfanin kayan wasa ke ba sabon ƙwararre, idan ma ya kula shi, yawanci ƙwallaye ne da safar hannu da hula, wani lokaci da sanduna. Hakan yana rage kashewa amma ba ya biyan otal.

Labarin da ya fi dacewa da kai shi ne na Zach Johnson. Lokacin da ya shiga sahun ƙwararru a 1998 ba wani kamfani da ya neme shi, sai wasu mutanen garinsu Cedar Rapids a jihar Iowa, mafi yawansu mambobin kulob ɗin da ya taso a cikinsa, suka haɗu suka sayi hannun jari a cikin wasansa a kan dala 500 kowane hannu. Da wannan ya yi shekaru yana zagaya ƙananan gasanni a mota, kuma a 2007 ya lashe Masters, wadda ita ma tana cikin manyan gasanni huɗun nan, a 2015 ya lashe The Open. Tsarin ba baƙo ba ne ga duk wanda ya san kasuwa: wasu su kawo jari, wani ya kawo ƙarfinsa da gwanintarsa, a raba abin da aka samu bisa kason da aka amince. Yadda aka fi tsara shi shi ne masu jari su riƙa ɗaukar kaso mafi tsoka na kyautar har uwar kuɗinsu ta dawo, daga nan kason ya juya ya rinjayi ɗan wasan. Amfanin raba shi hannu-hannu shi ne ya fi sauƙi mutum ashirin su ba da abin da ba zai dame su ba idan ya salwanta a kan mutum ɗaya ya ɗauki nauyin duka, kuma idan ɗaya ya janye tafiyar ba ta tsaya ba.

Masu jarin ba su da nisa da kai. Su ne 'yan kasuwa da manyan ma'aikata da tsofaffin hafsoshi da ke zuwa filin Kano ko Kaduna ko Rayfield na Jos da safiyar Asabar, waɗanda wataƙila ka yi shekaru kana ɗaukar musu jaka. Yawancin ƙwararrun 'yan golf na Najeriya daga aikin kadi suka taso, kuma wannan gata ne da ba a cika lura da shi ba, domin awa huɗu kana tafe da mutum a fili ya ishe shi ya san ko kana zuwa a kan lokaci, ko kana faɗin gaskiya a kan yawan bugunka, ko kana riƙe fushinka idan ƙwallo ta faɗa rami mai yashi. Kafin ka buɗe baki ya riga ya yanke rabin hukuncinsa. Kada ka tare shi da maganar a tsakiyar wasa, kuma kada ka kawo ta a matsayin roƙo. Ka nemi kyaftin ɗin kulob ko ƙwararren kulob ya yi maka iso, ka je da takarda mai shafi biyu ko uku: sakamakon gasanninka na shekara biyu da kwanakinsu da sunayen filayen, matsakaicin bugunka a gasa ba a wasan abokai ba, jerin gasannin da kake son shiga, da kasafin kowace ɗaya dalla-dalla. Ka rubuta a fili cewa kuɗin yana iya tafiya bai dawo ba. Ɗan kasuwa ya fi yarda da wanda ya faɗa masa haɗarin da bakinsa.

Idan kamfani ka nufa, banki ne ko kamfanin sadarwa ko na siminti, to ka sani cewa tambarinsa a hularka ba shi da wani amfani gare shi matuƙar ba a nuna ka a talabijin. Abin da za ka iya sayar masa shi ne lokacinka: ka buga wasa da manyan abokan cinikinsa, ka koyar da ma'aikatansa da 'ya'yansu, ka halarci gasar da yake shiryawa duk shekara. Ranar wasan haɗaka da ake yi kafin babbar gasa, inda ake haɗa ƙwararre ɗaya da masu wasan sha'awa, ita ce kasuwarka. Wanda ya gyara wa wani darakta riƙon sandarsa har ƙwallonsa ta miƙe ya fi kusa da yarjejeniya a kan wanda ya aika wasiƙa hamsin. Ka kuma yanke tun wuri irin tallan da ba za ka sa a jikinka ba, domin kamfanonin giya da na caca suna cikin masu saurin buɗe aljihu a harkar wasanni, kuma ƙin karɓa tun farko ya fi sauƙi a kan warware yarjejeniya daga baya. Gidauniyoyi ma hanya ce: gidauniyar Ernie Els da Fancourt, da aka kafa a 1999 a Afirka ta Kudu, ita ce ta riƙe Louis Oosthuizen, ɗan manomi, wanda ya lashe The Open a 2010.

Duk yadda kuke da mutum, ko kawunka ne, a rubuta yarjejeniyar, a sa lauya ya duba ta, a sa shaidu. Abin da ke lalata zumunci a wannan harka ba ya wuce abubuwan da aka bari a baki. A fayyace shekara nawa za ta yi, kuma biyu ko uku sun fi ɗaya, domin wanda ya san makomarsa ta rataya a kan gasa biyar masu zuwa hannunsa rawa yake yi. A fayyace ko kason masu jari daga jimillar kyautar za a cire shi ko bayan haraji da kuɗin kadi, ko ya shafi kuɗin talla da na koyarwa, da kuma iyakar abin da za su karɓa idan Allah ya buɗa, don kada nasarar shekara goma masu zuwa ta zama jingina. A buɗe asusun banki na daban wanda ba a taɓa shi don hidimar gida ko biki, a riƙa ajiye rasit, kuma duk wata a aika wa masu jari bayanin gasannin da aka shiga da abin da aka kashe, musamman a watan da ba a ci komai ba, domin shirun ɗan wasa a irin wannan watan ne ke sa a fara zarginsa.

Sharaɗin da ya fi kowanne muhimmanci shi ne wanda ya bayyana matsayin kuɗin idan ka ji rauni a baya ko wuyan hannu, ko wa'adin ya cika ba ka samu kati ba. Idan jari ne, asarar kuɗin ta masu jari ce, kai kuma ka yi asarar shekarunka, ka koma koyarwa babu wanda ke binka komai. Idan kuwa an rubuta shi a matsayin rance, ko aka bar wurin babu bayani, to za ka dawo kulob ɗin da ka taso kana koyar da mutanen da ke binka bashin dala, kana biyan su da kuɗin darasin da ake ba ka a naira.